Dattawanmu biyu ba sa ga maciji tun zaɓen 2024, yaya Amurkawa suke sasanta irin wannan?

Baban Nana (Columbus, Ohio):

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a Amurka suka ga yadda 'yan ƙasar suke fama da gabar siyasa a tsakaninsu.

Ni ne magatakardan wata 'yar ƙungiya tamu a nan Columbus, mutanen Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram, da wasu 'yan Zango daga Kumasi. Babban aikinmu asusun jana'iza ne. Kowa ya san abin da binne mutum yake ci a ƙasar nan: kuɗin fili a maƙabarta, kuɗin gidan ajiye gawa, takardu, mota. Kowane magidanci yana zuba wani abu duk wata, in an yi rasuwa a fitar. Dokarmu tun farko ita ce ba a cire ko sisi sai dattawa biyu sun sa hannu. To, dattawan nan rabon da su yi wa juna magana tun Nuwamban 2024.

Ba zan kama suna ba, ɗaya zan ce Alhaji, ɗaya Malam. Alhaji yana da shagon kayan abincin gida, kuma bai ɓoye ba, Trump ya zaɓa. Dalilansa ba sa canzawa: jinin Gaza da makaman da gwamnatin Biden ta riƙa bayarwa, tsadar da ta kusa rufe masa shago a 2022, da wasu littattafai da ya gani a jakar jikarsa waɗanda ya ce ba zai iya karanta su a gaban iyalinsa ba. In an matsa masa sai ya ce ai ba shi kaɗai ba ne, a Dearborn ta Michigan inda Larabawa suka fi yawa Trump ne ya zo na ɗaya, magajin garin Hamtramck na lokacin ma Musulmi ne kuma ya fito ya mara masa baya. Malam kuwa direban haya ne. Yana tsakiyar bin takardun kawo matarsa da yaransa aka saka Nijeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama a farkon 2020. Iyalin sun iso daga baya, amma autansa da ya bari a goye sai da ya gan shi da jakar makaranta. A wurin Malam duk wanda ya dangwala wa Trump ya sa hannu ne a raba shi da 'ya'yansa.

Washegarin zaɓe abin ya fashe a zauren WhatsApp. Malam ya rubuta cewa duk Musulmin da ya zaɓi mutumin nan munafuki ne. Alhaji ya mayar da doguwar murya, a ciki har ya tono bashin shinkafa da manja da Malam ya ci a shagonsa lokacin korona. Kowa ya saurara, har mata. Daga nan aka ja daga. A masallaci in wannan ya nufi dama, wancan hagu zai yi. A wajen suna, matar ɗaya takan bugo ta tambaya ko ɗayan ya tafi kafin mijinta ya fito daga mota. Ni kuma na zama ɗan aike, in kai cak shago a sa hannu, in bi Malam filin jirgi inda yake layin fasinja ya sa nasa. Rasuwar da aka yi mana ta ƙarshe sai da gawa ta ƙara kwana, saboda Malam ya kai fasinja Cleveland kuma wayarsa a kashe. Liman ya yi huɗuba a kan hadisin da ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku. Su biyun suna zaune suna gyaɗa kai, kowa yana ganin da ɗayan ake.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne na lura ciwon na masu ƙasa ne, mu ɗauka muka yi. Akwai wani Bature da muke gyaran motocin ɗaga kaya tare a sito, ya haura 60. Hoton 'yarsa yana manne a murfin akwatin spanarsa, amma tun kutsen majalisa na 6 ga Janairun 2021 ba ta ɗaga wayarsa. Bai je Washington ba, bai fasa tagar kowa ba, tuta kawai ya kafa a ƙofar gida. Mutumin nan shi ya koya mini tuƙi a kan ƙanƙara, shi yake riƙe mini aiki in na tafi Juma'a. Ranar da ya ji Kamala Harris ta Democrat na zaɓa, ya ajiye spana ya dube ni ya ce, "Amma ai kai mutumin kirki ne." Da gaske yake, mamaki yake yi.

Cibiyar bincike ta Pew ta yi tambaya a 2022, kashi 72 cikin 100 na 'yan Republican suka ce 'yan Democrat sun fi sauran Amurkawa rashin ɗa'a, kashi 63 na 'yan Democrat suka faɗi haka a kan 'yan Republican. A 2016 kashi 47 ne da kashi 35. Wato a shekara shida an tashi daga "ra'ayinka bai yi ba" an koma "kai ne ba ka yi ba". Ita kanta Ohio da Obama ya ci sau biyu, Trump ya ci sau uku, in ka fita daga Columbus ka yi tafiyar rabin awa za ka ga allunan ƙofar gida sun canza launi gaba ɗaya.

Na ji akwai ƙungiyoyin da ke zaunar da 'yan jam'iyyun biyu a ɗaki guda. Akwai wanda ya taɓa halarta a cikinku? Yana amfani, ko shan kofi ne kawai? Kuma akwai abin da zan iya ara in gwada a kan dattawan nan? Wasu suna cewa a canza doka kawai, a ƙara mai sa hannu na uku a huta.

Maman Sadiƙ (St. Paul, Minnesota):

Wa alaikumus salam Baban Nana. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba ka ladan zirga-zirga.

Na taɓa zuwa zaman Braver Angels, wata abokiyar aikina a asibiti ce ta ja ni. A jiharku ma aka fara shi, a wani ƙaramin gari South Lebanon, cikin Disamban 2016, da magoya bayan Trump 10 da na Hillary Clinton 11. Wanda ya tsara yadda ake zaman, Bill Doherty, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Minnesota, kuma sana'arsa sasanta ma'auratan da suka kai bakin saki. In ka zauna za ka ga alamar haka, domin ba a tambayar wa ke da gaskiya ko sau ɗaya.

A ɗakin ƙasa na wani coci aka yi namu, ranar Asabar. Ja da shuɗi adadinsu daidai, ja su ne masu karkata ga Republican, shuɗi Democrat. Da farko aka raba mu, kowane ɓangare da ɗakinsa da allonsa, aka ce mu rubuta munanan abubuwan da muka san ɗaya ɓangaren yana faɗa a kanmu. Mu shuɗi muka rubuta: ba ma son addini, ba ma son ƙasa, muna ƙwace kuɗin mai gumi mu ba mai barci, muna raina wanda bai je jami'a ba. Sai aka ce mu faɗi inda aka yi mana ƙarya. Wannan mai sauƙi ne, baki har yana rige-rige. Sannan aka ce, to, ina ɗan gaskiyar da ke cikin zargin? Nan ɗaki ya yi tsit. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta fara cewa ita dai ta sha zama ana yi wa mutanen karkara da masu zuwa coci dariya a gabanta, kuma ba ta taɓa hanawa ba.

Bayan haka aka haɗa mu. Ɓangare ɗaya ya zauna a tsakiya suna hira a junansu, ɗayan ya kewaye su yana saurare. An hana tanka, an hana tsaki, har jujjuya ido an hana. Tambaya biyu ce: me ya sa kuke ganin manufofinku sun fi wa ƙasa alheri, kuma me ke damunku game da naku ɓangaren? Wani mai gonar shanun madara, ja ne shar, ya ce shi yana son a tsare iyaka, amma mutanen da suke tatsar shanunsa da asuba cikin sanyin Janairu daga Mexico da Guatemala suke, ya san sunayen 'ya'yansu, kuma in ya ji 'yan siyasarsa suna kiran irinsu da munanan sunaye cikinsa yakan juya. Ni da nake ciki da lulluɓina, na shiga da shirin a harare ni, sai ga shi mutumin nan ne ya tambaye ni ko akwai naman alade a burodin da aka kawo, ya je ya dubo mini.

Ba wanda ya canza ƙuri'arsa, kuma tun farko an ce ba don haka aka zo ba. Abin da na ɗauko shi ne tambaya ta biyun nan. Muddin kana kai wa mutum hari, kare gidansa zai yi ta yi ko da ya san yana yoyo. Ranar da ka ji shi da bakinsa ya faɗi inda yake yoyo, sai ka daina ganinsa soja. Saboda haka kada ka tambayi Alhaji me ya sa ya zaɓi Trump, ya riga ya haddace amsar. In kun keɓe ka tambaye shi me ke damunsa a abin da gwamnatin take yi wa baƙi yanzu. Shi ma Malam ka tambaye shi yadda ya ji yana dangwala wa jam'iyyar da ke kan mulki lokacin da ake ruwan bam a Gaza. Na tabbata kowannensu yana da abin da ya haɗiye.

Sai dai fa masu zuwa irin wannan zama waɗanda zuciyarsu ta riga ta yi laushi ne. Dattawanka ba za su shiga mota su je ba.

Direban Tirela:

Hajiya, da girmamawa, amma cokali kuke sa wa kuna kwasar ruwan kogi.

Ni a kan titi nake kwana, daga Pennsylvania zuwa Utah, rediyo ne abokin hirata. In kana son ka san inda gabar nan take fitowa, ka kunna tashar AM da rana tsaka a Nebraska, da dare kuma ka saurari masu shirin intanet na ɗaya ɓangaren. Awa uku mutum zai yi yana gaya maka maƙwabcinka yana son ya rusa ƙasarka, a tsakiya ya sayar maka da katifa da maganin ciwon gwiwa. Da akwai dokar da ta tilasta wa gidajen rediyo da talabijin su kawo ɓangarori biyu, aka soke ta a 1987. Shekara ɗaya bayan nan Rush Limbaugh, mai ra'ayin riƙau, ya fara shirinsa na rediyo na ƙasa baki ɗaya. A 1996 Fox News da MSNBC suka buɗe. Sannan waya ta zo ta ƙarasa aikin. Fushi haja ce a ƙasar nan, akwai masu cin abinci da ita, kuma ba sa hutun Asabar. Jaridun ƙananan garuruwa da suke ba mutum labarin gadar unguwarsu da ƙwallon 'ya'yansu, sama da kashi ɗaya cikin uku sun mutu tun 2005.

'Yan siyasar ma ba wawaye ba ne. Kujerun majalisar wakilai 435 ne, waɗanda ake takarar gaske a kansu da ƙyar su kai 50, sauran an shata iyakar mazaɓa yadda jam'iyya ɗaya ce za ta ci ko wa ta tsayar. To ɗan majalisa ba ya tsoron ɗaya jam'iyyar, zaɓen fid da gwani yake tsoro, inda masu zafin kai ne suke fitowa. 'Yan Republican 10 suka goyi bayan tsige Trump a Janairun 2021. Biyu kacal suka koma majalisa bayan zaɓen 2022, huɗu an kayar da su a fid da gwani, har da Liz Cheney, huɗu suka haƙura da kansu. A ɗaya gefen sanatoci Kyrsten Sinema da Joe Manchin da suke ƙin bin layi sai da suka bar jam'iyyar Democrat. Wa zai ga wannan ya ce zai miƙa hannu?

Kuma abin ya wuce baki. An harbi ɗan majalisar Republican Steve Scalise a 2017, an fasa kan mijin Nancy Pelosi da guduma a 2022, an harbi Trump a Butler a Yulin 2024, an kashe 'yar majalisar jiha ta Democrat Melissa Hortman da mijinta a gidansu a jiharki a Yunin 2025, an kashe ɗan fafutukar masu goyon bayan Trump Charlie Kirk a Satumban 2025.

Sannan a daina cewa duk rashin fahimta ne. Baban Nana, Springfield ba ta da nisa da kai. A Satumban 2024 aka ce 'yan Haiti suna cin karnuka da kyanwoyin mutane, aka faɗa a muhawarar shugaban ƙasa, aka yi ta barazanar bam har aka rufe makarantu. Gwamna Mike DeWine, ɗan Republican kuma haifaffen garin, ya fito ya ce babu hujja. Wanda aka yi wa wannan, ko wanda aka raba da iyalinsa irin Malam, ba rashin fahimta ke damunsa ba. Ya fahimta sarai. Ku ƙara mai sa hannu na uku, gawa ba ta jiran sulhu.

Ɗalibi daga Ann Arbor:

Yaya Direba, maganarka a kan fid da gwani haka take, a zaɓen 2022 kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu ikon ƙuri'a ne suka fita fid da gwani. Amma shi ma ana taɓa shi. Alaska ta canza tsari a 2020: kowa ya shiga fid da gwani guda, huɗun farko su wuce, a babban zaɓe mai ƙuri'a ya jera su daga na ɗaya zuwa ƙasa. Sanata Lisa Murkowski ta kaɗa ƙuri'ar kama Trump da laifi a 2021, kuma ta ci zaɓenta a 2022 a ƙarƙashin wannan tsari. An nemi soke shi a 2024, ya tsira da ƙyar.

Inda na saɓa maka shi ne batun rashin fahimta. Saɓani na gaske yana nan, amma an ɗora masa wani na ƙarya a kai. Wasu masana biyu, Douglas Ahler da Gaurav Sood, sun tambayi Amurkawa su ƙiyasta su wane ne ke cikin kowace jam'iyya. Mutane suka ce kashi 38 na 'yan Republican suna samun sama da dala 250,000 a shekara, alhali kashi 2 ne. Suka ce kashi 32 na 'yan Democrat masu neman jinsi ne, alhali kashi 6 ne. Kowa yana faɗa da mutumin da aka zana masa. Abokin aikin Baban Nana da ya ce "amma ai kai mutumin kirki ne", zanen ne ya ci karo da mutum.

Wani abin da ya shafe ku kai tsaye: Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun biya masu amfani da Twitter kuɗi su bi wani shafi da ke turo musu ra'ayoyin ɗaya ɓangaren na wata guda. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna ba su sassauto ba, 'yan Republican ɗin ma ƙara tauri suka yi. Amma a Satumban 2019 da aka tara masu zaɓe sama da 500 daga faɗin ƙasar a kusa da Dallas, suka yi kwanaki suna tattaunawa ido da ido a ƙananan rukuni, James Fishkin da Larry Diamond na Stanford suka auna, sai aka ga ɓangarorin biyu sun ja baya daga matsananciyar matsaya, musamman a kan korar baƙi. Magana ɗaya ce, ta waya ta ƙara wuta, a zaune ta rage. Don haka ni da zan ba da shawara, Baba, zauren WhatsApp ɗin nan a mayar da shi na sanarwa kawai, masu kula su kaɗai ke rubutu.

Baban Nana (Columbus, Ohio):

Na gode ƙwarai. Zauren kam tuni aka rufe shi, sai dai an buɗe wasu biyu, kowane dattijo da nasa. Ina cikin duka biyun, ina ganin abin da ake turawa, in ka karanta sai ka rantse ƙasashe biyu ake magana a kai.

Maman Sadiƙ, tambayar nan taki ta tsaya mini. Alhaji ya taɓa ce mini a shago, muryarsa ƙasa-ƙasa, wasu kwastomominsa sun daina fitowa sayayya don tsoron jami'an shige da fice, yaransu suke aikowa. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ja ba. Damuwata ita ce ya san wa na zaɓa, ko zai yarda da ni a tsakani?

Goggon Yara (Dayton, Ohio):

Baban Nana, ba zai yarda ba, kuma kada ka ji haushi. Ka nemo wanda Alhaji yake jin kunyarsa, mai irin ra'ayinsa, ku tafi ku biyu. Haka ake yi a inda nake aiki.

Ni ma'aikaciyar rumfar zaɓe ce, duk zaɓe ina ciki tun bayan da na samu takardar zama 'yar ƙasa. Bari in gaya muku abin da ba a nunawa a talabijin. A ƙananan hukumomi 88 na Ohio, kowace hukumar zaɓe mutum huɗu ne, biyu Republican biyu Democrat. In darakta ɗan wannan jam'iyya ne, mataimakinsa ɗan waccan ne. Ɗakin da ake ajiye ƙuri'u makulli biyu gare shi, ɗaya a hannun wannan ɓangare, ɗaya a hannun wancan, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. In tsoho ya zo ba ya gani sosai ya nemi mu taimaka, mu biyu muke tsayawa a kansa. In mai keken guragu yana mota, mu biyu muke kai masa takarda. Da dare in an rufe ƙarfe 7:30, mu biyu muke shiga mota ɗaya mu kai jakar hedikwata. Wadda aka fi haɗa ni da ita wata tsohuwa ce mai sarƙar gicciye, na san abin da take zaɓa, ta san nawa. Ba mu taɓa yin muhawara ba, babu lokaci, kuma an hana. Muna ƙirga takardu, in lissafi bai yi daidai ba mu sake. Tana lura da lokacin azahar ta ce in je ta riƙe teburi. Da mijinta ya rasu na kai mata tuwo da miyar kuka, ta ci ta ce yaji ya yi yawa, ta ƙara.

Tsarin nan ba a gina shi don mun yarda da juna ba. An gina shi ne don ba a yarda ba, sai yardar ta tsiro daga baya saboda an tilasta mana aiki tare. Shi ya sa ban goyi bayan Direba ba. Sa hannu biyun nan shi kaɗai ya rage yana haɗa dattawanku. In kuka ƙara na uku, kun sallame su ke nan har abada. Abin da za ka daina shi ne yawo da cak. Kai ne kake sauƙaƙa musu gabar. A taron wata a yanke cewa cak a masallaci ake sa masa hannu, a teburi ɗaya, gaban liman. Don gaggawa, liman ya zama madadin wanda ya yi tafiya kawai, ba wanda ya yi fushi ba. Ba sai sun gaisa ba da farko. Su zauna su duba lissafi.

Kuma ku dubi abin da ya faru da kyau. Ƙuri'a ta kawo zafi, amma abin da ya yanke zumunci kalmomi biyu ne, "munafuki" da tonon bashi. Waɗannan su ne ake ba da haƙuri a kansu, kuma tunda a bainar jama'a aka yi, a bainar jama'a za a janye. Kada ku nemi wani ya ce ya yi nadamar zaɓinsa, ba za ku samu ba, kuma ba haƙƙinku ba ne. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna jini ne a tsakaninsu, Wuye hannunsa ya rasa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Sun kafa cibiyar sulhu tare, kuma har suka tsufa ba wanda ya bar addininsa ya koma na ɗayan. A nan ma a 2020 Spencer Cox da Chris Peterson suna takarar gwamnan Utah suka fito a talla ɗaya suka ce za su karɓi sakamako, kowa yana nan a jam'iyyarsa.

Direban Tirela:

Goggo, na ji, amma ranar da aka yi rasuwa Malam yana Cleveland Alhaji yana fushi, ni dai a kira liman kafin a kira ni. Aikin rumfar nan ana biya kuwa? Kuma mai katin zama kawai zai iya?

Goggon Yara (Dayton, Ohio):

Ana biya, ba yawa, kuma akwai horo kafin ranar. Sai ɗan ƙasa mai rajistar zaɓe a ƙaramar hukumar, mai katin zama ba ya yi. Rumfa tana buɗewa 6:30 na safe, mu kuwa tun kafin 6 muna can, kuma ba a tashi sai an kai jaka, don haka kai da kake kan titi sai ka ɗauki hutun yini guda cur. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare masu shekara 17 ma ana ɗaukarsu a Ohio. Baban Nana, in Nana ta kai, ka je ofishin hukumar zaɓe ta ƙaramar hukumarku, Franklin, ka karɓo mata fom, kullum suna neman mutane, musamman a zaɓen fid da gwani da ba a cika fitowa ba.